Rumfar Ɓauna

Shafi na 31

Masu zagin Mien a ƙarƙashin shafin jiya, na ga saƙonninku, har da na baiwar nan da ta ce da ita ce matar gidan, da taɓarya za ta tare ta a bakin ƙofa. Ki jingine taɓaryar tukuna, ki karanta.

*

Karo na biyu ke nan kwabban suna ƙin Khoat.

Yana durƙushe gaban teburin kakanni da ɗan faranti a tafin hannu, yana hararar kwabbai biyun nan na tagulla masu huda a tsaka kamar ya haɗiye su don haushi. Ko yaron goye a ƙauyen An Truc ya san yadda abin yake. Ka tambayi mamaci, ka jefa. In ɗaya ya nuna gefen da aka shafa wa farar ƙasa ɗaya kuma ya kife, to ya yarda. In suka faɗi iri ɗaya, bai yarda ba. Sau biyu suna kifewa duka biyun.

Kuma ba wani abu mai wuya yake roƙo ba. Yau sha biyu ga watan goma, shekara arba'in da uku cif da aka harbe mahaifinsa Phung a bakin jingar kogi, zamanin rabon gonaki. Tun ranar tsohon yake can shi kaɗai a gefen ruwa. Da farko hukuma ce ta hana a taɓa kabarin wanda aka yi wa tambarin maƙiyin talakawa, sannan yaƙi ya zo, bayan yaƙi talauci ya karɓa. Sai bana Khoat ya samu ya gina wa zuri'a sabon makwanci mai jan rufi. So yake gobe a tono ƙasusuwan, a wanke su da ruwan ƙamshi, a jera su a akwatin yumɓu, a kai su kusa da na Inna. Komai ya kammala, har masu haƙa an yi magana da su. Izinin mai ƙasusuwan kawai ya rage, shi kuma ya ce a'a.

Baffa Tuc, ƙanin mahaifinsu kuma dattijon da ya rage a zuri'ar, ya gyara zama a kan tabarma ya yi gyaran murya.

"Saura ɗaya, ɗana. Ba a jefawa sau huɗu. In ya ƙi wannan, sai baɗi."

"Na sani, Baffa."

"To ka duba da kyau. Ko akwai abin da aka rage masa a teburin?"

Khoat ya ɗaga ido. Me aka rage? Ga dafaffen zakara da jan fure a bakinsa, ga shinkafa mai danƙo ta sabon girbi, ga giyar shinkafa a ƙananan kofuna uku, ga ayaba, ga turaren tsinke yana hayaƙi. Tun yana ɗan shekara tara bai taɓa tsallake wannan rana ba. Shekarar da suka ci dusa, sai da ya samo ƙwai ɗaya ya dafa ya ɗora. Ɗa ba ya fushi da ubansa da ya mutu, amma yau Khoat ya yi.

Daga tsakar gida ya ji muryar matarsa Dao, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya ga maciji a ɗaki.

"Baban Tien... fito ka gani."

Bai buƙaci fitowa ba. Wata ƙaramar tsohuwa ce tsaye a bakin matakala, mai baƙin wando da tsohuwar malfa, ƙafafunta duk laka, ta rungume wani ɗan kaskon turare na ƙasa wanda bakinsa ya guntule. Yayarsa ce Mien, uwa ɗaya uba ɗaya. Rabon da ya kira sunanta tun kafin ya fara aske gemu.

Ya ajiye farantin a hankali ya miƙe.

"Wa ya buɗe wa matar nan ƙofa?"

"A buɗe take," in ji Mien.

"Ba da ke nake ba. Dao, wa ya buɗe mata?"

"Baban Tien, ranar Baba ce, ga Baffa a zaune. Ka bar ta ko ruwa ta sha."

"Ta je ta sha a kwatami. Ƙafarta ta taɓa matakalar nan, sai na kankare wurin da toka."

Mien ba ta ko yi gezau ba. Ta cire malfar ta rataye a hannu, ta leƙa ta gefensa ta hango farantin da ke ƙasa.

"Sun kife ko?"

"Ina ruwanki?"

"Sau nawa?"

Baffa Tuc ne ya ba ta amsa, da yake tsufa ya sa ba ya tsoron kowa. "Biyu."

"Za su kife na uku," ta ce.

Khoat ya yi wata dariya marar daɗin ji. Ya sauko mataki ɗaya, har hucinsa yana taɓa furfurarta.

"Au, yanzu duba kika koma yi? Na san abin da ya kawo ki. Yau ne katafilar masu titi za ta bi ta kan rumfar taki, ko ba haka ba? An watso miki tsummokaranki waje, shi ne kika tuna kina da ƙane mai gidan bulo. To bari in faɗa miki, ni na sa hannu. Da aka kira shugabannin zuri'a ofishin gunduma aka ce kowa ya shaida babu kabari ko wurin bautar danginsa a filin da titi zai ci, ni ne na fara karɓar alƙalami. Har na ce musu in da hali su fara da rumfar ɓaunar nan. Rabon da in ji daɗin rubuta sunana irin na ranar, na manta."

"Na ga takardar," in ji Mien. "Rubutunka ya yi kyau. Irin na Baba."

"Kar ki ƙara sa sunansa a bakinki."

"Ubana ne."

"Ubanki?" in ji Khoat. "Baffa, ka ji ta? Kana nan ai a farfajiyar ɗakin taron gari. Kai ma ka gani. An durƙusar da shi a kan tsakuwa, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar da ake ɗaure ɓaunarmu. 'Yan kwamitin rabo suka ce wa zai fara. Barorin gidanmu suka sunkuyar da kai. Maƙwabta suka sunkuyar da kai. Sai ga wannan ta ratso mutane ta fito, budurwa 'yar sha bakwai, 'yar da ya saya wa 'yan kunnen azurfa a kasuwar lardi. Ta dangwara masa yatsa a goshi. Ta kira sunansa gatsal, Phung, kamar tana kiran kare. Ta ce ya sha jinin talakawa, ta ce yana auna wa barori shinkafa da mudun da ya datse. Ina tsaye a bayan wani mutum ina leƙe ta tsakanin ƙafafunsa. Da yamma aka kai shi bakin kogi."

"Haka aka yi," in ji Mien.

"Aka kore mu ni da Inna zuwa bukkar masu gadin agwagi. Aka raba gidanmu gida huɗu, wani Sinh da iyalinsa suka shige ɗakin Baba, suna barci a gadonsa. Ita kuma ladan bakinta aka ba ta rumfar ɓauna. Ta karɓa. Shekara arba'in da uku tana zaune a bayan ɗakin ɓarayin gidan ubanta, tana gaishe su da safe. Ko da hukuma ta dawo daga baya ta ce an yi kuskure, aka cire mana tambarin, Inna ta aika mata ta baro wurin. Ta ƙi. Don kwaɗayin rumfa mai warin kashin dabba ta ƙi uwarta."

Dao ta fara share ido da gefen riga. Baffa Tuc ya ƙura wa tabarma ido. Duk abin da Khoat ya faɗa gaskiya ne, kuma gari ya daɗe da yanke wa Mien hukunci a kai. Ko a kasuwa, mai sayar da kifi takan juya mata na jiya.

Mien ta bar shi sai da numfashinsa ya ƙare. Sannan ta tambaye shi cikin sanyin murya,

"Ka gama?"

"Fice min daga gida."

"Wannan zakaran wa ka dafa wa?"

"Ke, ki kiyaye ni."

"Tambayarka nake. Wa ka dafa wa? Don mai shi ba yau yake zuwa ba. Shekara arba'in da uku kana shimfiɗa tebur ranar sha biyu, kana kiran mutumin da bai mutu ranar sha biyu ba. Ya zo ya ci me? Ranar da yake zuwa, teburinka a share yake, kana can gona."

Baffa Tuc ya ɗago a hankali. "Mien, ki san abin da za ki faɗa. Gaban kakanni kike."

"Shi ya sa nake faɗa a nan, Baffa. Ashirin da ɗaya ga wata Baba ya mutu. Kwana tara bayan harbin."

"Ƙarya kike," in ji Khoat. "Gari duka ya ji ƙarar bindiga."

"Gari ya ji ƙara, ya ruga gida ya kulle ƙofa. Wa ya tsaya ya duba? Su wa suka yi harbin? Yaran ƙauyen nan ne uku da ba su taɓa harbin ko tsuntsu ba, hannunsu na karkarwa, ɗaya ma Baba ne ya biya masa kuɗin maganin uwarsa. Ana yayyafi. Ya faɗi, suka tura shi rami iya gwiwa, suka yaryaɗa masa ƙasa suka gudu. Ni na je in ƙara masa ƙasa don kar karnuka su tone shi. Ina sa hannu na ji ƙasar tana motsi."

Dao ta dafe ƙirji ta zauna daɓas a kan turmi.

"Harsashi ɗaya a kafaɗa, ɗaya a nan." Ta nuna gefen cikinta. "Na jawo shi. Na sari kututturen ayaba na sa a ramin, na mayar da ƙasa na daddale. Na goya shi ta cikin gonakin shinkafa, ina faɗuwa ina tashi. Kai, Khoat, kututturen ayaba kake wa sujada tun kana yaro. Shi kake cire wa ciyawa duk ƙarshen shekara. Shi ka gina wa jan rufi. Ka je gobe ka haƙa, in ka samu ko ƙashin yatsa, ka zo ka yanka ni."

Khoat ya dafa ginshiƙin ƙofa. Abin da ya fara zuwa masa ba tausayi ba ne, wani sabon fushi ne da ya fi na dā zafi.

"Kwana tara yana da rai, muna bukkar agwagi muna kuka, ba ki zo kin faɗa mana ba? Inna ta yi ta buga kanta a ƙasa. Kika hana ta ganin mijinta?"

"Da mai gadi a ƙofar bukkarku. An hana kowa yi muku magana, ka manta? Wadda ta jefa muku dankali ta kan shinge, ba kwana biyu ta yi a ɗaure ba? In aka gano na ɓoye wanda aka yanke wa hukunci, ni da shi da Inna za a jera a bakin kogin. Kai kuma su ba wani ya riƙe ka, ka tashi kana kunna wa kakannin wasu turare."

"To bayan nan fa? Da aka ce an yi kuskure? Shekara arba'in ba ki da baki?"

Nan ne Mien ta ɗago ido ta kalle shi sosai, kuma a karon farko ya ga ba shi kaɗai ne mai fushi a gidan ba.

"Sau uku na zo. Na farko, ina buɗe baki Inna ta juya min baya, kai kuma ka ɗauki guntun bulo." Ta ɗage gashin goshinta, ga tabon nan fari. "Na biyu, ranar da aka sa Inna a akwati. Na zo da farin ƙyallen makoki a kaina, ka fizge shi a gaban mutane ka jefa a kwata. Na uku, ranar aurenka. Dao, kina ciki ana yi miki kwalliya, ba ki gani ba. Kare ya sakar min. Ina tafiya gida jini na bin ƙafata na ce, shi ke nan. Ku riƙe raminku da ayabarku. Ni na riƙe ubana."

"Kika riƙe shi don ki rama."

"Ƙwarai. Don in rama. Ka ɗauka kai kaɗai aka haifa da zuciya? Duk ranar sha biyu ina jin ƙamshin zakaranka daga rumfata, ina cewa ci gaba, ciyar da iska. Ranar ashirin da ɗaya ni kuma in dafa kunun shinkafa da ɗan gishiri in ɗora masa gaban wannan kaskon. Abin da ya ci ke nan a kwanakinsa na ƙarshe, shi ya saba da shi."

Baffa Tuc ya girgiza kai, hawaye na bin ramukan kumatunsa. "Kun kashe mu, ku biyun nan. Shekara arba'in da uku tsohon yana cin kunu a ɓoye kamar ɓarawo."

Khoat bai ji shi ba. Akwai tambayar da yake ɗauke da ita tun yana yaro, bai taɓa zaton zai yi ta ba, don yin ta ma kamar sassauci ne. Ta fito da kanta.

"Me ya sa kika nuna shi da yatsa?"

"Kana so in ce shi ya sa ni, ko? Don ka samu hanyar yafe min cikin sauƙi. Bai sa ni ba. Kwana uku 'yan kwamiti suka tsare ni a rumbun gari ba abinci. Suka ce in ba wanda ya fito daga cikin gidan ya yi magana, to gidan duka maƙiya ne, har da yaron. Suka karanta min abin da zan faɗa har na haddace. Na ji tsoro, ina jin yunwa, na faɗa. Maganar mudu ƙarya ce. Yatsan kuma ba su ce in sa ba, ni na ƙara, don su yarda da ni. Ba ranar da ba na kallon yatsan nan."

"Ya yafe miki?"

Mien ta gyara riƙon kaskon, babban yatsanta yana shafa inda ya guntule.

"Kwana takwas ina ba shi kunu a baki, ina wanke masa miki da ruwan gishiri. Yana buɗe baki ya karɓa, amma fuskarsa na kallon bango. Ko sau ɗaya bai kalle ni ba. Na roƙe shi har na gaji. Rana ta tara da hantsi na ga leɓensa na motsi, na kai kunnena da sauri, na ce yau zai kira sunana. Ka san abin da ya ce?"

Ba ta jira amsa ba.

"Ya ce, Khoat ya ci abinci?"

Ta yi murmushi, irin wanda gara kuka da shi.

"Shi ke nan maganarsa. Ni na goya shi, ni na kwashe kashinsa da fitsarinsa, kai ya tambaya. Na ce masa ka ci. Ban san ko ka ci ba. Ya rufe ido. To ka faɗa min, ɗan gaban goshi, tsakanina da kai wa ya fi cancanta ya yi fushi?"

Ranar nan Khoat yana tune da ita ko bai san lissafinta ba, don duk kwanakin bukkar agwagi iri ɗaya ne. Bai ci ba. Saiwar ayaba Inna ta tafasa, ya amayar. Ya ji wani abu ya tsaya masa a ƙirji, ya yi ƙoƙarin mayar da shi fushi kamar yadda ya saba, abin ya ƙi komawa.

Amma taurin kai gadonsu ne, kuma mutum ba ya ajiye ƙiyayyar shekara arba'in a tsaye a bakin ƙofa.

"Labari ne," ya ce, muryarsa a dushe. "Ta ga za ta kwana a titi, ta zauna ta tsara shi. Wadda ta yi wa ubanta ƙarya a gaban gari, ni ne ba za ta yi wa ba?"

"Akwai mai raba gardama," in ji Baffa Tuc. Ya nuna farantin da sandarsa. "Saura jifa ɗaya. Kar ka tambaye shi maganar tono. Tambaye shi maganarta."

"Baffa, in na ɓata jifan nan a kanta, aikin gobe ya rushe."

"In gaskiya ta faɗa, me za ka tono gobe? Durƙusa."

Ya koma ciki kamar ana jan sa. Ya durƙusa, ya kunna sabon turare uku, ya ɗaga su daidai goshi, ya soke a kasko. Hoton Baba babu, an ƙone su duka a wancan zamanin, sai allon katako mai sunansa. Shi Khoat ya kalla. Ya ɗauki kwabban.

"Baba, ni ne Khoat, ɗanka. In abin da... in abin da matar nan ta faɗa haka yake, ka nuna min."

Ya jefa.

Ɗaya ya faɗi nan take, a kife. Ɗayan ya tsaya a kan gefensa yana juyi, ya zagaya bakin farantin, ya zagayo, Dao ta toshe baki da hannu biyu. Sannan ya kwanta. Farar ƙasar tana sama.

Khoat ya daɗe yana kallonsu. Sau dubu ya jefa kwabban nan a rayuwarsa, a kan aure, a kan ginin gida, a kan tafiyar ɗansa birni. Bai taɓa jin an amsa masa kamar yau ba, kuma amsar mari ce. Ya kifa goshinsa a ƙasa, kafaɗunsa suna girgiza. Ba wanda ya hana shi.

Da ya ɗago bai juyo ba. Ya yi maganar yana fuskantar teburin.

"Ina yake?"

"Yanzu ka tambaya," in ji Mien.

"Ina kika kai shi? Bakin kogi? Maƙabartar gari? Faɗa min in je yanzu."

"Budurwa 'yar sha bakwai, ita kaɗai, da gawar mutumin da gari ya san an binne tun kwana tara. Ina za ta kai shi? Ta wace hanya za ta bi da shi, ga Sinh da 'ya'yansa a tsakar gida? Fartanya ɗaya gare ni. Inda ya mutu nan na haƙa."

Ya juyo a hankali.

"Kai da kake da ilimi, lissafa mana," ta ce. "Inna ta aika in baro rumfar, na ƙi. Mutum biyu suka nemi aurena, na ce sai dai su tare a rumfar, suka gudu. Ruwa ya ci garin nan shekarar da jinga ta fashe, kowa ya hau tudu, ni na hau kan rufi na zauna kwana biyu. Ka ce kwaɗayi ne. Wane kwaɗayi ne a rumfar ɓauna, Khoat? A ƙarƙashin gadona yake. Shekara arba'in da uku a kansa nake kwana."

Dao ce ta fara ganewa. Ta miƙe tsaye, fuskarta ta yi fari fat.

"Baban Tien... takardar."

"Jiya na je ofishin," in ji Mien. "Na durƙusa musu. Na ce akwai kabari a rumfar, a ba ni kwana uku in kwashe shi. Yaron da ke teburin ya zaro takarda ya nuna min. Ya ce, Iya, ga shugaban zuri'arku ya shaida babu, ke mace ce, maganarki ba ta soke tasa. Na bayansa ya ce tsohuwa ce, ƙarin diyya take nema. Da safen nan suka fitar min da gadon waje. Wannan kaskon kaɗai na ɗauko. Sun ce sai wanda ya sa hannu ya zo da kansa ya janye. Da ba don haka ba, na rantse da kakannin da ke teburin nan, da ba ka ga ƙafata a gidanka ba har in mutu."

"Yaushe za su fara?"

"Sun ce sai sun ci abincin rana. Shi ya sa na tsaya na bar ka ka gama zagina. Akwai sauran lokaci, rana ba ta kai tsaka ba."

Baffa Tuc ya ɗaga hannu. "Ku yi shiru."

Suka yi shiru.

Daga can gabas, ta bayan kurmin gora, inda tsohon gidansu yake, wani gurnanin inji ya taso. Ya yi tari sau biyu ya mutu, sannan ya kama da ƙarfi. Giyar da ke cikin ƙananan kofuna ukun nan ta fara rawa, tokar turaren ta zube a kan zakaran.

Kaskon ya kusa suɓuce wa Mien. Duk taurin nan da ta shigo da shi ya zube, ta koma tsohuwa kawai mai laka a ƙafa.

"Sun ce sai sun ci abinci," ta ce. "Sun ce min sai sun ci..."

Khoat ya miƙe. Shi ne ya ce musu su fara da rumfar. Ya dube ta, bakinsa ya yi nauyi, kalmar ta fito da ƙyar kamar an zaro ta da ƙugiya.

"Yaya..."

"Ba ni za ka kira ba," in ji Mien. "Gudu za ka yi."

Ya tsallake matakalar ba takalmi. Yana kaiwa bakin ƙofar gida ya ji ƙarar rufin kwano yana zubewa.